Birkin babur a daminar Legas: ɗaure noti ba gyara ba ne

Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba ya ɗaga wa Legas ƙafa, ya ɗan sarara a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Tun da gwamnatin jiha ta hana okada a Ikeja, Surulere, Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022, 'yan'uwanmu da yawa suka koma nema a lungunan Agege, Alimosho, Ojo da Ikorodu, inda ruwan gwata da yashi ke kwanciya a kan hanya. Birkin da ke shiga wannan ruwa safe da yamma, tsatsa da yashi ne ke kashe shi tun kafin ya cinye. Abin da ke damuna shi ne, da zarar birki ya yi sanyi sai mutum ya sunkuya ya ƙara wa notin matse birki zagaye biyu ya hau, ba wanda ke buɗe hob, wato gangar tsakiyar taya, ya ga abin da ke ciki.

A fara da awo, domin ba ya cin kuɗi. Ɗora mashin a kan babban sitan. Hannun birkin gaba ya kamata ya yi wasa na milimita 10 zuwa 20 a bakinsa kafin ya fara kamawa, na ƙafa kuma 20 zuwa 30. In ya wuce haka, a ɗaure notin rabin zagaye rabin zagaye, ana juya taya da hannu. Taya ta riƙa juyawa sakayau idan an saki birki. In tana gurzawa, an matse da yawa: hob zai ɗau zafi, mai zai ƙone a banza, shu, wato takalmin birkin da ke cikin hob, ya yi santsi. Duk ranar da aka ja cen, a sake wannan awo, saboda tayar baya ta matsa, sandar birki ma ta canza tsayi. A taka kuma a ga fitilar baya ta kama.

Irin su Bajaj Boxer da yawancin mashinan haya birkinsu a cikin hob yake. A ciki akwai shu biyu, da sifirin biyu da ke maido su, da ɗan ƙarfe mai faɗi da ake kira kam, wanda ke juyawa ya buɗa shu su dafe bangon hob. Kusan duk matsalar damina a nan take.

Ruwa yana wanke giris ɗin kam, tsatsa ta kama shi. Alamarsa: ka taka birki ya kama, ka ɗaga ƙafa ya ƙi saki, ko ya saki a hankali. Maganinsa a cire taya, a zare kam ɗin, a goge tsatsar da samfefa mai laushi, a shafa giris ɗan kaɗan, wanda yatsa zai iya lakatowa sau ɗaya. Kada a cika, domin giris in ya ji zafi narkewa yake ya gangaro kan shu. Shu da ya sha giris ko mai kuwa ya tashi aiki. Wasu na wanke shi da fetur su mayar, amma man ya riga ya shige cikinsa, zafi zai sake fito da shi a daidai lokacin da ake neman tsayawa.

Sai kaurin abin da ke jikin shu. In ya kai milimita 2 a inda ya fi cinyewa, a canza, kuma duka biyun tare da sifirin ɗinsu. A duba gefensa da kyau: manna shi aka yi da gam, in ruwa ya daɗe yana shiga tsakani sai ya fara ɗagowa. Wanda ya ɓamɓare a kan tafiya yana iya cushewa ya kulle taya nan take. In fuskarsa ta yi ƙyalli kamar gilashi, kuma birki na kuka, a ɗan gurza shi da samfefa har ƙyallin ya tafi. Ƙurar cikin hob kada a hure ta da baki ko da iskar mai faci. A goge da jiƙaƙƙen tsumma, don wasu shu masu arha akwai sinadarin da ke lahanta huhu a cikinsu.

Akwai wata dabara da ya kamata a daina. Idan noti ya ƙure, wasu makanikai sukan zare hannun da ke kan kam su matsar da shi haƙori ɗaya ko biyu, birki ya dawo kamar sabo. Amma shu ya riga ya ƙare, don haka kam zai riƙa juyawa fiye da ƙa'ida, wata rana ya tsaya a gicciye ya ƙi komawa. Taya ta kulle ke nan, da fasinja a baya, a tsakiyar motoci. Ɗan'uwa, noti in ya ƙure, shu yake nema. Haka kuma ƙarfen da ke riƙe murfin hob na baya, a tabbata notinsa a ɗaure yake da fil ɗinsa.

In hannun birki ko na ƙafa na bugawa tsit-tsit yayin tsayawa, ko hob ya karkace ko boris ya mutu. Kama taya ka girgiza ta gefe da gefe. In akwai wasa, boris ne.

Birkin gaba shi aka fi wulaƙantawa. Za ka ga mashin kebur ɗinsa ya tsinke an naɗe shi a jikin shokozoba, mai shi na cewa na gaba kayarwa yake yi. Alhali idan aka ja birki nauyi gaba yake komawa, kuma mafi yawan ƙarfin tsayawa daga tayar gaba yake fitowa. Fizga ce ke kayarwa, musamman a kan yashi ko a kwana. A ɗiga wa kebur mai daga sama har ya ɓullo ƙasa, in kuma ko zare ɗaya ya tsinke a bakinsa, a sa sabo.

Masu manyan mashinan kai saƙo, masu birkin faifai a gaba, nasu lissafin daban ne. Man birki yana zuƙar danshi, Legas kuwa danshi ba ya yankewa. Man birki samfurin DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius yake tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, sai hannu ya tafi har ƙasa ba kamu. A canza shi duk shekara biyu, a zuba irin da aka rubuta a murfin tankinsa, daga sabuwar gora, kuma kada a haɗa shi da DOT 5. In hannu ya yi laushi, iska ce a ciki: a matsa sau uku a riƙe, a buɗe notin fitar da iska da ke ƙasa wajen faifai mai ya fita, a rufe kafin a saki hannu, a maimaita har kumfa ta ƙare, ana lura kada tankin ya bushe. Fad, wato abin da ke matse faifai, in kaurinsa ya kai milimita ɗaya da rabi, a cire shi kafin ƙarfe ya ci faifai.

Bayan an tsallaka ruwan da ya kai hob, a yi tafiya a hankali ana ɗan dafa birkin gaba da na baya har su bushe su fara kamawa. A damina kuma, mashin da ke aiki kullum a buɗe masa hob duk wata, a share yashi, a duba kam.