Daga Apia zuwa Savai'i: abin da yaran makaranta ke ci a Samowa

Daga filin jirgin Faleolo zuwa Apia, babban birnin Samowa, ƙasar tsibirai da ke tekun Pasifik, hanya ta bi bakin teku ne, ko'ina kwakwa da ayaba da gwanda. A kasuwar Fugalei na ga gwaza tuli-tuli. Wanda ya tsaya nan zai rantse babu tamowa a ƙasar.

Sai da na tsallaka da jirgin ruwa daga Mulifanua zuwa Salelologa, a tsibirin Savai'i, na tsaya bakin wata firamare lokacin tara. A hannun yara akwai taliyar leda da suke ci ɗanya, da panikeke, soyayyen ƙullin fulawa mai kama da fanke, da lemon roba. Yawancinsu da ƙiba. Matsalar ke nan: jiki ya cika da mai da sukari, jini kuwa ya yi ƙasa. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 11, in aka ɗiga jininsa daga yatsa aka ga ma'aunin hemogulobin, sinadarin da ke sa jini ja, bai kai 11.5 ba, yana da ƙarancin jini komai kumatunsa. Sikeli kaɗai ba ya nuna haka. Haka ma wanda ya tsumbure, sai an auna tsawo an gwada da shekaru, sannan ake gane shi.

Abin yana da asali. A 1993 cutar ganye ta kashe gwazar ƙasar, shinkafa da burodi suka samu gindin zama. Naman da ake shigowa da shi mai arha kitse ne: haƙarƙarin tunkiya, naman gwangwani da suke kira pisupo, da gindin talotalo. Gwamnati ta hana shigo da gindin talotalo a 2007, amma shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2012 ta sa aka janye haramcin.

Abin da ya fi damuna, maganin yana nan kusa da gida. Ganyen laupele, wani tsiro dangin kuɓewa, da ganyen gwaza suna da sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi, kifi ma haka. Sai dai ganyen gwaza yana so ya dahu sosai, in ba haka ba ya yi ƙaiƙayi a maƙogwaro, yaro ya ƙi shi. Shayi tare da abinci yana hana jiki zuƙar ƙarfen. Gwanda ko gwaiba bayan ci suna taimaka masa. Ma'aikatar lafiya ta fitar da ƙa'idar abin da za a sayar a makarantu, amma shagon da ke tsallaken titi ba ya cikinta, can kuma yara suke kai canjinsu.