Jirin da ba ya jin allura

Ɗaki biyu ne da baranda a nan Kano, kuma kayan aikina duka ba za su cika bayan a-kori-kura ba: gadon gwaji biyu, katifar soso, madubi, katunan da na rubuta wa haruffa, sai bokiti. Gashi na karanta a Jami'ar Bayero, abin da 'yan asibiti ke cewa fisiyo, lasisin MRTB, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, kuma yana nan a bango. Amma yanzu yawancin masu sallama a ƙofata ba baya ko gwiwa ke kawo su ba, jiri ne.

Kafin su iso ni sun gama zagaye. An auna hawan jini, an sha maganin taifot, an sha na ƙarin jini, wasu har hayaƙi an yi musu don an ce iska ce. Ni tambayata ɗaya: yaushe yake zuwa? In mutum ya ce sai ya juya a kan gado, ko ya ɗago daga sujada, ɗaki ya kama juyawa, kafin minti ɗaya kuma ya lafa, to na san inda zan dosa. Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai bututu 3 masu lanƙwasa cike da ruwa, su ke shaida wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya motsa. A gefensu akwai 'yar jaka mai ƙananan tsakuwoyin kalsiyam. Idan tsakuwa ta ɓalle ta faɗa bututu, galibi na baya, duk juyin kai sai ta kaɗa ruwan, kunne ya ce ana gudu alhali ido ya ce ana zaune.

Gwajin gano wannan, likitoci biyu ne a Landan, Dix da Hallpike, suka bayyana shi a 1952. Na iya shi a takarda tun ina ɗalibi, amma a hannu sai da na sha kunya. A wani asibiti da na yi aikin koyo, malamina ya miƙa mini wata tsohuwa. Na karkatar da kanta, na kwantar da ita, ta ƙwalla salati, ni kuwa na ruɗe na ɗago ta da sauri. Amai ta sheƙa mini a farar riga. Malam bai ko motsa ba, ya ce, "Kai bakinta kake saurare. Idonta za ka kalla." Ashe ƙwayar ido na yin wata rawa tana murɗawa, kuma rawar nan ce ke faɗin wane kunne, wane bututu. Daga ranar ban sake kwantar da kowa ba sai bokiti na kusa.

Mayar da tsakuwar gida shi ne aikin da nake alfahari da shi. Hanyar John Epley ce, likitan kunne a Amurka, wanda ya wallafa ta a 1992. A juya kai digiri 45 wajen kunnen da ke da laifi, a kwanta kai na ɗan reto, a jira ido ya natsu, a juya ɗaya gefen, a mirgina kan kafaɗa fuska na duban ƙasa, sannan a zauna a hankali. A faɗe kamar wasa. Amma tafin hannu ne ke sanin wuyan da zai jure da wanda ba zai jure ba, kuma in ka yi gaggawa tsakuwa na iya zamewa wani bututun, ka ƙara wa mutum wahala.

Nan ne fa rigimar kuɗi take. Wani Alhaji ɗan kasuwa, wata 4 yana salla a zaune, cikin kwatan awa guda ya tashi ya yi sujada lafiya. Da aka faɗa masa kuɗi sai ya ce, "Haba likita, ko allura ba ka yi mini ba, kai kawai ka juya mini." Na ce, "Alhaji, sanin inda za a juya shi ake saya." Sai da ya rage wani abu.

Akwai kuma waɗanda jijiyar kunnen ce ta raunana, bayan wata cuta ta bairos, ko bayan allurai irin su jentamaisin da ake dirka wa mutane ba lissafi. Su ba tsakuwa a maganarsu, makonni ake ɗauka ana koya wa ƙwaƙwalwa ta dogara da ido da tafin ƙafa. Tushen atisayen daga Ingila yake, wajen Cawthorne da Cooksey, a shekarun 1940 lokacin da ake jinyar sojojin da suka samu rauni a ka. Nakan ba mutum kati ya kafa wa harafi ido yana girgiza kai, daga zaune zuwa tsaye, daga siminti zuwa kan soso, daga baya ido a rufe. Dole jirin ya ɗan taso, in bai taso ba ba a koyi komai ba. Jarrabawar ƙarshe a wurina ita ce mutum ya ratsa Kantin Kwari da rana tsaka, atamfofi na walƙiya ta ko'ina, ya dawo bai dafa kowa ba.

Abin da ke rushe mini wannan aiki shi ne kemis. Magungunan jiri irin su Stugeron da Stemetil suna da amfani a kwanakin farko da amai ya hana sakat, amma mutum ya yi wata 6 yana haɗiya, ƙwaƙwalwa ta kwanta barci, ta yaya za ta koyi sabon abu? Ga kuma masu kallon bidiyo a TikTok su buɗe shago, suna murɗa wuyan tsofaffi ba tare da sun san wane kunne ba ne. Jirin da ya zo da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko ganin abu biyu-biyu, ko mutuwar hannu, ba na kunne ba ne sai an tabbatar. Irin wannan ko taɓa shi ba na yi, asibitin gaggawa nake turawa nan take don yana iya zama shanyewar ɓarin jiki.

Alhajin nan kuwa, makon jiya ya aiko Hajiyarsa da direba, ita ma jiri. Da saƙo ta zo, wai in tuna shi tsohon kwastoma ne, a yi masa ragi.