Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daga Wa Ka Ji?

Makon jiya na yi alkawarin yau zan ba ku labarin aurena. Ku yi haƙuri. Ranar Talata wani ɗalibina ya kawo mini babi na biyu na kundinsa, na ga wani suna a ciki, tun daga nan barci ya ƙaurace mini.

Baba, Allah ya jiƙansa, fiƙihu yake karantarwa a zaurenmu na cikin birnin Zariya, can wajen Ƙofar Doka. In almajiri ya kawo magana, komai daɗinta, sai ya ɗago kai ya ce, "Daga wa ka ji?" In ya kasa faɗa, sai Baba ya ce ilimin da aka ɓoye mai shi kayan sata ne. Da na shiga boko na tarar su ma da wannan suke auna malami: takardu nawa ka wallafa, kuma sau nawa wasu suka ambace ka a nasu. A 2005 wani masanin fiziya a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin da ake kira h-index. In kana da takardu 10 da aka ambaci kowace aƙalla sau 10, awonka 10 ke nan. Takarda guda, ko sau dubu aka ambace ta, ba ta wuce da kai 1 ba. Nawa har yau bai kai 10 ba.

Fannina ƙera manhaja ne, kuma aikin digirina na biyu a kan hasashen inda kuskure zai ɓulla a manhaja na yi shi. Na tattaro tarihin gyare-gyaren wasu manhajoji da kowa ke iya ganin cikinsu, ina duba waɗanne fayiloli aka fi taɓawa, hannu nawa suka shiga cikinsu, sannan ina ne suka fi lalacewa daga baya. A wani kafe na Samaru na sauke bayanan, da kuɗin da Inna ke ƙulle mini a bakin zane. A ɗauke wuta, in koma farko. Da na gama sai na kai wa wani babba a filasha, ba zan faɗi sunansa ba. Ya ce, "Bar shi in duba maka, yarona." Na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Har durƙusawa na yi.

Shekara ta zagayo, takarda ta fito da sunansa da na wani abokinsa na ƙasar waje. Jadawalina ne, har da yadda na jera su. Sunana ko a layin godiya babu. Baba yana raye lokacin, ban gaya masa ba, don na san abin da zai kira mutumin, ni kuwa ina neman aiki. Wannan shirun yana cina har yau fiye da satar.

Sauran shekarun ba su da labari. Koyarwa, makin jarrabawa, haihuwar yara. A fanninmu takardar babban taro irin ICSE, wanda ake yi tun 1975, ta fi ta mujalla da yawa daraja, amma ina kuɗin jirgi, ina biza? Na ga masu biyan kuɗi a buga musu cikin mako biyu ba tare da kowa ya tantance ba. Ni ban taɓa ba, kuma ina alfahari da haka. Takarduna biyu da na fi so, a yajin aikin malaman jami'a na 2022 na rubuta su, cikin wata takwas ɗin nan, maman yara na sayar da zoɓo muna ci.

Waccan takardar kuwa, ambaton da ta samu ya fi na duk nawa a haɗe. Ita ɗalibin nan ya kafa hujja da ita, yaro mai ladabi, ya rubuta sunan da ya gani. Na riƙe jan biro a kan layin, na daɗe. Ya ce, "Malam, akwai gyara ne?" Na ce babu, ka faɗi inda ka samo, haka ake yi. Ya tattara takardunsa zai fita, na kira shi, na ce ya ja kujera ya zauna.

Abin da na gaya masa, da abin da ya biyo baya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.