Dubu 38 ɗina da ta tafi a banza kafin in gane inda matsalar take

Wlh har yau in na tuna kuɗin nan sai raina ya ɓaci. Ina da shekara 25 aka kai ni ɗakina a Sabuwar Unguwa, an yi min dilka an yi halawa an turara ni har sai da na fara tari, Goggo ta zaunar da ni ta yi ta nasiha kan girki da haƙuri da gaida dangin miji, amma da aka zo batun shimfiɗa abin da ta ce kawai shi ne "ki riƙe kunyarki, mace ba ta nema." Ni ko na riƙe hannu bibbiyu.

Wata takwas komai sai mijina ya fara. In ya matso in yi lamo kamar baƙuwa, in bai matso ba in juya baya in kwana ina saƙa da warwara. Sai na ga ya fara ja baya, ya dawo daga shago ya ci tuwo ya kama waya har barci ya ɗauke shi. Na ce shikenan ni ce ba ni da ni'ima. Wata a group ɗinmu na WhatsApp ta haɗa ni da mai kayan mata, na saida zobena na sai tsumi da gumba da wani na matsi a ƙullin leda ko suna babu. Gumbar dai ba ta yi min komai ba sai ƙiba. Na matsin nan shi ya kusa halaka ni, kwana uku ƙaiƙayi da raɗaɗi, fitsari kamar an zuba barkono.

Likitar da ta duba ni mace ce, ba ta ko yi mamaki ba. Ta ce wurin yana da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke kare shi, duk abin da kika cusa ko sabulu mai ƙamshi kashe su yake sai cuta ta samu ƙofa, ruwa kawai ya isa kuma daga waje. Ga kuɗin magani, ga sati biyu ba kusantar juna. Wai ni da na je neman gyara.

A hanyar dawowa wajen Ƙofar Ƙaura mijina ya ce "wai mi ya kai ki?" Kaina a ƙasa na ce "Yaya ai gani na yi ka daina kula ni." Ya yi shiru can ya ce "ni hwa na ɗauka takura miki nake, wata takwas ko hannuna ba ki taɓa kamawa ba." Jama'a dubu 38, ashe hannu kawai bawan Allah yake jira.

Ranar da na fara nema ba wata bajinta na yi ba, text na tura mishi bayan la'asar na ce yau kar ka tsaya majalisa, na goge na sake rubutawa ya fi sau biyar gabana na dukan uku uku. Ana idar da isha'i sai ga shi da tsire. Na zauna kusa da shi na kama hannun nan, dariya ta ƙwace min shi ma ya kama dariya, to daga nan kunyar ta fara sakina. A Islamiyya mun karanta hadisin da ke cewa kusantar iyali ma sadaka ce, amma ban taɓa kawowa har da ni a masu bayarwa ba.

Yanzu ina iya cewa wannan ina so, wannan da zafi a bi a hankali, yau na gaji sai gobe, kuma ba a taɓa yin faɗa a kai ba. In baki ya yi miki nauyi fara da waya, ko tausa in ya dawo a gajiye, ba sai kin zama wata daban a dare ɗaya ba. Amma dan Allah kar ki cusa komai.

Mai kayan matan nan har yau tana ɗora status ana yi mata godiya, zobena kuma bai dawo ba.