Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Abin da Kawu Ya Kira Ihu

Makon jiya na tsaya a ɗakin Malama, wadda ta koya mini waƙa, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Kawu, Allah ya jiƙansa, har ya bar duniya yana cewa ihu na je koyo, shi ya sa yau zan faɗi abin da ke cikin wannan ihun, wato waƙar ofareta.

Ofareta wasan dandamali ne da ake sarƙa waƙa da magana da rawa. Ta yi ƙarfi a Faris a hannun mai tsara kiɗa Offenbach, Biyana kuma ta karɓa, har aka fara nuna wasan Die Fledermaus na mai tsara kiɗa Johann Strauss a 1874. A zamanin babu makirfo. Dole murya ta keta sautin makaɗa ta isa kujerar ƙarshe, kuma a kan wannan ake horar da ɗalibi har gobe.

Maganar Malama, in an mayar da ita Hausa, ita ce: "Ɗana, maƙogwaro ƙofa ce, ba rumbu ba." Rumbun yana ƙasa. Za ka dafa haƙarƙarinka na ƙasa da hannu biyu, ka shaƙi iska har su buɗe ba tare da kafaɗa ta ɗaga ba, sannan ka saki "sss" siriri na daƙiƙa 20, haƙarƙarin na nan a buɗe. In suka rufta da wuri, iska ta zube, sai wuya ya karɓi aikin. Daga nan dushewar murya take farawa. Bayan haka a kaɗa leɓɓa, "brrr", ana hawa ana sauka a kan sauti biyar. Minti 20 sau biyu a rana ya fi awa biyu a zama ɗaya.

Inda Bahaushe ke shan wuya shi ne harshensa. Muna furta ƙ da ts ta hanyar ɗaga maƙogwaro, waƙar nan kuwa so take ya zauna ƙasa a sake, kamar farkon hamma. Ba mu da wasalin Jamusanci ü: ka tsuke baki kamar za ka ce "u", harshe kuma ya ce "i". Sai p da f, da muke haɗewa, su kuma Jamusawa ba sa yafewa. Amma dogon wasali da gajere, wannan a nono muka sha, ban taɓa barin wani ɗalibi ya wuce ni a nan ba.

Mai siririyar muryar maza yana da wata gaɓa, wajen sautukan sama da makaɗa ke kira F da G, inda murya ke neman karyewa. Mai tura ƙarfi a nan shi ne mai ihu na gaske, Kawu. Ana rage nauyi ne, a karkata "a" ta nufi "o" kaɗan. Ƙofa ce, ba rumbu ba.

Sai bayan shekaru na gane cewa maganar da ke tsakanin waƙoƙi ta fi waƙar cin murya. Mawaƙi ya sauko daga sama, ya koma magana da ƙasan wuya, kafin tsakiyar wasa ya dushe. Maganin shi ne a yi maganar da numfashin waƙar, a ɗan ɗaga ta, a ji ta tana kaɗawa a bayan haƙoran sama.

Kiɗan wals kuma, na rawar juyi, bugu uku ne, amma mutanen Biyana suna ɗan gaggauta na biyu. Ba a rubuta wannan a takarda, da kunne ake ɗauka. Mako mai zuwa zan kawo yadda ake numfashi ana tsakiyar juyi.