Ramin da na auna a watan Agusta

Ƙarfe biyu da kwata na dare wayata ta yi ƙara. Mai kula da wutar kamfanin ne, muryarsa na rawa. "Injiniya, taransifoma ta tafi." Ina jin ruwa yana dukan rufin kwano a inda yake tsaye. Hadarin farko ne na shekarar a yankinsu, cikin watan Mayu, irin wanda ke zuwa da ƙura da iska mai ƙarfi da tsawa kafin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa. Na ce masa kada kowa ya shiga cikin shingen tashar har gari ya waye. Daga nan ban sake runtsawa ba.

Tashar ƙarama ce, ta wani kamfanin sarrafa shinkafa a wajen Kano, tana karɓar wuta daga layin kilobolt 33 ta sauke ta zuwa 11. Taransifoma ɗaya ce tak. Ni na zana tsarin kare ta daga tsawa, ni na sa hannu, kuma wata tara ke nan kacal da kunna ta.

Abin da ya fi ci mini rai a daren shi ne na san na yi wahala a kan aikin. Tsawar da za ta faɗo kai tsaye a kan tashar ita na fi tsoro, don haka na ɓata makonni a kanta. Na bi ƙa'idar IEEE 998, wato kundin injiniyoyi kan kare tashoshin wuta daga faɗowar tsawa, na yi lissafin mirgina ƙwallo, wato ka ɗauka akwai wata ƙatuwar ƙwallo da kake garawa a kan tashar, duk abin da ta taɓa tsawa ma za ta iya taɓa shi. A ƙaramar tasha irin wannan ƙwallon ba ta da girma, daga tsakiyarta zuwa bakinta kusan mita 15 ne, domin ko tsawa mai amfiya 2,000 ta isa ta yi ɓarna, kuma ƙaramar tsawa ce ke iya kutsawa tsakanin turaku. Na kafa dogayen turakun ƙarfe huɗu, na duba kowane lungu. Wannan ɓangaren bai ba ni kunya ba, har yau babu tsawar da ta sauka a cikin shingen. Wadda ta kashe mana taransifoma ta biyo waya ne.

Da sassafe na isa. Na tarar na'urar Buchholz, wadda ke gano iskar gas idan wani abu ya ƙone a cikin man taransifoma, ta yanke wuta, akwai iskar gas a cikinta. Muka gwada naɗin wayar cikin taransifomar, ɗaya daga cikin layuka uku na ɓangaren 33 ya nuna ya ƙone. A hanyar shigowa kuma, turke na huɗu daga tashar, mun ga insuleta, abin da ke riƙe waya a kan turke ya hana wuta bin sa, ta fashe. Mafi yawan layukan 33 da ke kan turakun siminti a ƙasar nan ba su da wayar kariya a samansu, saboda haka tsawa ta samu layin a fili, ta taho a guje. Irin wannan igiyar wuta tana cin kusan mita 300 a kashi ɗaya cikin miliyan na sakan. Babu bireka, wato na'urar yanke wuta, da za ta riga ta. Aresta, na'urar da ke zubar da ƙarfin tsawa zuwa ƙasa kafin ya shiga taransifoma, ita kaɗai ake dogara da ita.

Na nufi arestocin da zuciya ɗaya, na riga na yanke hukunci cewa jabu aka sayo mana. Har na fara shirya maganar da zan gaya wa ɗan kwangila. Sai na tarar da su lafiya ƙalau, babu fashewa, babu ƙuna. Ma'aunin da ke ƙirga sau nawa aresta ta zubar da tsawa ya motsa daga sifili zuwa ɗaya. Ta yi aikinta ke nan. Na tsaya ina kallon wannan lamba ɗaya, gabana na faɗuwa, domin idan aresta ta yi aiki amma taransifoma ta ƙone, saura wuri guda da za a duba, kuma na san hannuna ne a wurin.

Lokacin da ake ginin, shugaban ma'aikatan ɗan kwangila dattijo ne da ya girme ni da kusan shekara ashirin, Baba muke ce masa. Ya zo ya same ni da zanen a hannunsa, a kan maganar atin, wato wayar da ke kai wuta cikin ƙasa. Ya ce, "Injiniya, a nan ka haɗa atin ɗin aresta da na jikin taransifoma. Mu ba haka muke yi ba. Aresta raminta daban, can nesa, kada tsawar da ta kama ta dawo cikin taransifoma." Maganar tana da daɗin ji, kuma haka ake yi a wurare da yawa. Na san littafi bai ce haka ba. Amma ina jin nauyinsa, ga mai kamfani yana matsa mana a kunna wuta kafin sabuwar shinkafa ta shigo. Sai na ce masa a haƙa ramin, in na auna na ga ya yi kyau zan amince. Aka haƙa shi a wajen shinge, aka kafa sanduna biyu, aka zuba gishiri da gawayi, aka ja waya mai tsawon kusan mita bakwai zuwa gare shi. Na auna juriyar ramin ga wuta, wadda ƙarancinta ake so, na samu om 5. Na sa hannu.

A tsakiyar watan Agusta na yi wannan awon, ana tsakiyar marka, kwana uku a jere ana ruwa. Takalmina ma a caɓe yake da laka ranar.

Washegarin ƙonewar, bayan ruwan daren ya ɗan jiƙa saman ƙasa, na sake auna ramin nan. Om 41. Na canja sandunan gwaji, na canja wajen da na ja wayoyin, na sake. Bai sauka ƙasa da 40 ba. Na sa aka tona gefensa, taƙi ɗaya kawai ruwan ya ratsa, daga nan sai jar ƙasa da marmara a bushe ƙamas kamar tubali. Gishirin da aka zuba, ruwan damina ya wanke mafi yawansa, wanda ya rage kuma ya fara cin mahaɗin wayar.

Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta, a bayan wata takardar rasit na yi shi. Taransifomar an gina ta ta jure bugun tsawa na kilobolt 170. Aresta idan tana zubar da tsawa takan bar kimanin kilobolt 90 a kanta. To amma abin da naɗin wayar taransifoma ke gani shi ne bambancin da ke tsakanin layi da jikin tankinta. Tun da na raba wa aresta da tankin ƙasa, duk ƙarfin da ya taru a ramin aresta sai ya hau kan wancan 90 ɗin. A ce amfiya 5,000 ce ta bi ta cikinta, wanda ba wani abin mamaki ba ne tun da matsakaiciyar tsawa takan kai amfiya 30,000. A watan Agusta, 5,000 sau om 5 kilobolt 25 ne, jimla 115, taransifoma ta tsira. A watan Mayu, 5,000 sau om 40 kilobolt 200 ne, jimla 290. Ko da an rage wani abu saboda yadda ƙasa ke ɗan buɗewa idan wuta mai yawa ta ratsa ta, an riga an wuce 170. Ban ma sa abin da doguwar wayar nan ta ƙara ba, ita ma kowace mita tana ɗora nata kilobolt ɗin idan tsawar mai kaifi ce. Da a ce na haɗa ƙasan aresta da jikin tankin da gajeriyar waya kamar yadda na zana tun farko, da tankin da arestar sun tashi tare, naɗin wayar ba zai ga abin da ya wuce 90 da ɗan kai ba, ko ƙasa ta bushe ko ta jiƙe.

Ina cikin wannan lissafin maigadin kamfanin, wani tsoho da ya yi sana'ar haƙar rijiya a ƙuruciyarsa, ya matso ya tambaye ni me ya faru. Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya girgiza kai ya ce, "Ai yaro, mu ba ma haƙa rijiya da damina. Wanda ya haƙa da damina zai ga ruwa a gaba biyu ya yi murna, bazara na zuwa ta ƙafe." Na yi shekaru ina karanta yadda danshi ke canja juriyar ƙasa, na zana jadawalinsa a jarrabawa, amma ban taɓa haɗa shi da abin da kowa ya sani a garinmu ba: hadari mafi tsawa yakan zo ne a farkon damina, ya sauka a kan ƙasar da ta yi wata shida ko bakwai ba ta ga ruwa ba. Ranar da aka fi buƙatar ramin atin ita ce ranar da ya fi kowace rana lalacewa. Ni kuwa na je na auna shi a ranar da ya fi kyau a duk shekara.

Zuwa gaban mai kamfanin ya fi komai wuya. Ya ce, "Injiniya, an ce mini kayan ne ba su da kyau." Da na yi shiru da maganar ta wuce a haka, a ɗora wa ɗan kwangila. Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan lafiyarsu ƙalau. Ni na amince da canjin da bai kamata ba." Ban ambaci Baba ba, domin shi shawara ya kawo, sa hannun nawa ne. Alhaji ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma yana so in gaya masa abin da zai hana a maimaita. An kwashe mako bakwai kafin a sake naɗa taransifomar a dawo da ita. Duk tsawon lokacin da janareta ake aiki, rabin injinan a kashe, kuɗin dizal kamar ana zuba shi a rariya. Abin da har yanzu ke damuna shi ne leburorin da ake biya kullum, waɗanda aka ce su zauna a gida sai wuta ta dawo. Ina wuce su a bakin ƙofa kowace safiya suna gaishe ni da "sannu da aiki, Injiniya."

Gyaran da muka yi ba shi da tsada idan aka kwatanta da asarar. Mun ɗauke arestocin muka ɗora su a kan ƙarfe a jikin tankin, dab da inda layi ke shiga. Wayar ƙasansu ba ta kai mita ɗaya da rabi ba, miƙaƙƙiya, babu lanƙwasa, ta kama tankin sannan ta sauka cikin ragar atin ta tashar. Mun ƙara wasu arestocin a turken ƙarshe inda layi ke shigowa. Duk ramukan da ke warwatse, na turakun tsawa da na shinge da sauransu, mun ɗinke su da ragar suka zama abu guda, kuma mahaɗan da ke cikin ƙasa narka su muka yi, ba ɗaurin kusoshi ba. Mun kira masu haƙar burtsatse suka huda mana ramuka biyu har inda danshi ba ya ƙarewa ko da rani, muka saka sanduna muka cika da yumɓun bentonait mai riƙe danshi. Gishiri kam na haramta shi a duk aikin da sunana ke kai. Wani ya kawo shawarar a sa bututu maigadi ya riƙa zuba wa ramin ruwa kowane mako. Na ƙi, domin ba zan jingina taransifoma a kan ko wani ya tuna da bokiti ba.

Yanzu idan aka kawo mini aikin tasha, tambayata ta farko ita ce a wane wata aka auna ƙasar. Idan takardar ta nuna Yuli ko Agusta ko Satumba, ajiye ta nake yi gefe. Awon juriyar ƙasa da sanduna huɗu, wanda ake kira na Wenner, a Maris ko Afrilu nake so, a tazara daban-daban har a ga abin da ke can ƙasa, ba fatar sama kaɗai ba. In aiki ya matsa dole sai an fara da damina, ina rubutawa a cikin yarjejeniya cewa za a dawo a sake awo da bazara, kuma ba za a biya ragowar kuɗin atin ba sai an yi. 'Yan kwangila ba sa son wannan sharaɗin, wasu ma sun daina kirana saboda shi. Haka kuma duk wanda ya ce mini a ware wa aresta raminta, ko ya haife ni, zama nake yi da shi in zana masa lissafin nan na bayan rasit. Baba da kansa na yi wa, ya kalli takardar ya ce tun yana yaron aiki haka aka koya masa, kuma ba wanda ya taɓa nuna masa dalili.

Tashar nan kuwa ina komawa duk watan Afrilu da na'urata, ko ba a kira ni ba. A zuwana na biyu na tarar ɓarayin jan ƙarfe sun yanke wayar da ta sauko daga ɗaya daga cikin turakun tsawa, daidai inda ta shiga ƙasa, sun mayar da tsakuwa sun rufe wurin yadda ido ba zai gani ba. Saura mako uku ko huɗu hadari ya fara haɗowa. Muka maye gurbinta da ƙarfe mai rufin jan ƙarfe wanda ba ya tsada a wajen 'yan jari-bola, muka zuba siminti a kansa. Ma'aunin arestar layin tsakiya a ranar yana nuna shida.