Abin da ajin yaƙi da jahilci ya koya mini game da rubutun waya

Koyar da manya karatun Hausa a nan Damagaram ya sa na daina tsoma baki a gardamar da ake tafkawa a Facebook kan ko daidaita rubutu yana da amfani. Masu cewa dole ne da masu cewa "in dai an gane, shi ke nan", duk gwanayen karatu ne, kuma da kansu suke awo.

Gwani ba ya bin baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Idonsa tsalle yake a kan layi, ya tsaya kamar kwatan sakan, ya kwashi haruffa da yawa lokaci guda, ya ƙetare ƙananan kalmomi, ƙwaƙwalwa ta cike sauran daga ma'anar jimla. Shi ya sa wani saƙon Ingilishi da ya zagaye intanet a 2003, wanda aka cuɗa haruffan tsakiyar kalmominsa, ya karantu. An jingina shi ga jami'ar Kambirij, alhali tushen zancen binciken Graham Rawlinson ne a jami'ar Notingam a 1976. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna ana karantawa ɗin, amma sauri na raguwa, balle in an taɓa harafin farko. Mu ma kullum cikin wannan cike gurbi muke, tunda rubutunmu ba ya nuna karin murya ko tsawon wasali: gari na tuwo ne ko na zama, jimla ke raba gardama.

To sabon shiga ba shi da wannan gata. Akwai wata dattijuwa a ajinmu na unguwar Birni, mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda burinta guda ne: ta karanta saƙon ɗanta da ke ci-rani a Agadas ba tare da ta miƙa wa yaran maƙwabta wayarta ba. Ta kawo mini saƙon, yatsa a kan gilashi, leɓe na motsi. Ya rubuto: "ina kouana inna, ya tchikin guida". Ta wuce "ina" lafiya, ta yi tuntuɓe a "kouana", da ta iso t, c, h jere sai ta ɗago kai.

"Malam, wannan Hausa ce kuwa?"

"Hausa ce, Inna, ta ɗan lakwal."

Ban ga laifin yaron ba. A lakwal, wato makarantar boko, da ƙa'idar Faransanci ya koyi riƙe alƙalami, kuma allunan hanya Tchadoua da Dogondoutchi suke nuna masa. Mu kuwa muna koyar da ƙa'idar da gwamnatin Nijar ta tsayar a 1999, wadda jijiyarta ke komawa taron Bamako na 1966: c guda, u guda, da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Ƴan'uwanmu na Najeriya suna rubuta 'y a gurbin ƴ. Ga kuma ajami da malaman zaure ba su taɓa saki ba. Harshe ɗaya, a waya ɗaya, sai ka iske shi da rubutu iri-iri, kuma mafi raunin masu karatu ne ke biyan kuɗin wannan bambanci.

Gwanin ma yana da inda yake faɗuwa, wato inda jimla ba ta da abin taimako: sunan mutum a katin aure, sunan magani, lambar waya. Haka in kana neman tsohon saƙo a WhatsApp ka rubuta "ciki", wanda aka rubuta "tchiki" ba zai fito maka ba.

Yanzu a ƙarshen zango nakan ware ƴan darussa in nuna wa ɗalibai cewa tch shi ne c, dj shi ne j, ou kuwa wani lokaci u ne, wani lokaci w. Wasu abokan aiki na ganin ina ɗaure wa ɓarna gindi. Nakan ce musu su fara shawo kan ƴaƴan waɗannan mata su sa allon haruffan Hausa a wayoyinsu, ranar zan soke darussan.